Ɓera, Biri da Raƙumi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gwajin Rigakafin Korona a Jikin Dabbobi

Tun daga 2020 ake ta jin labari iri ɗaya: wata jami'a ta haɗa sabon rigakafin korona, an yi wa ɓeraye, jininsu ya cika da antibodi. Daga nan kuma sai shiru, kamar an shuka dusa. Wani ya ce ɓoye maganin aka yi, wani ya ce tun farko ƙarya ce. Ga tambayoyin da suka fi tasowa idan ana wannan zance, a majalisa ko a WhatsApp, da amsoshinsu.

Wai mene ne antibodi ɗin nan da ake ta faɗa?

Wani ɗan furotin ne da ke yawo a cikin jini, siffarsa kamar gwafa. Wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B su ke ƙera shi, kuma kowane antibodi da baƙon da aka ƙera shi dominsa. Ƙwayar korona tana da wasu ƙayoyi a bayanta, waɗanda kuke gani a hoto sun kewaye ta. Da ƙayar nan take buɗe wata ƙofa mai suna ACE2 a jikin ƙwayoyin hanci da maƙogwaro da huhu, ta shige ciki ta hayayyafa. Aikin yawancin rigakafin korona shi ne ya nuna wa jiki kamannin ƙayar tun kafin mai ita ta iso.

Sai dai ba kowane antibodi ne mai hana ɓarna ba. Wani yakan maƙale a gefen ƙayar kawai, ƙwayar cutar ta ci gaba da harkarta da shi a goye. Wanda ake nema ruwa a jallo shi ne mai toshe daidai bakin da ke taɓa ƙofar. Akwai kuma bambancin wurin aiki: IgM ne ke fara fitowa, IgG ya biyo baya ya daɗe a jini, shi kuwa IgA a majina da yawu yake gadi. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu sake haɗuwa da shi.

Ta yaya ake auna shi a jinin ɗan ƙaramin ɓera?

Ana ɗibar ɗigon jini daga jijiyar wutsiya ko ta kumatu, a juya shi a inji har jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, a tsame ruwan ɗorawar da ya taso sama. Sai a kawo wani faranti na roba da bai wuce tafin hannu ba, mai ramuka 96. A ramin farko a zuba ruwan jinin da aka tsarma kaɗan, a na biyu a ninka tsarmin, a na uku a sake ninkawa, haka har ƙarshen layi. Ku ɗauka zoɓo ne: mai kauri ko an tuttula masa ruwa yana nan da jansa, na ganganci kuwa kofi ɗaya ya ishe shi ya koma fari. Idan aka ce ƙarfin antibodin dabba 1,000 ne, ana nufin an tsarma jininta sau dubu amma bai daina aiki ba.

Gwajin iri biyu ne. Mai sauƙin, ELISA, yana nuna ko antibodi ya kama ƙayar, ta hanyar sauyin launi a ramukan. Mai wahalar kuwa sai an gauraya ruwan jinin da ƙwayar cuta mai rai, a zuba a kan ƙwayoyin halitta da aka raina a faranti, a jira kwanaki, sannan a ƙirga wuraren da cutar ta cinye. A farkon annobar wannan sai a ɗakin gwaji mai tsaro mataki na 3, inda iskar ɗakin ma sai an tace ta kafin ta fita. Shi ya sa da yawa suka riƙa amfani da ƙwayar bogi, wato wata ƙwayar cuta da aka karya lagonta aka sanya mata ƙayar korona.

Matsalar da aka sha fama da ita a 2020 ita ce kowane ɗakin gwaji da mudunsa. Dubu ɗaya ta wannan ba ita ce dubu ɗaya ta wancan ba. Sai a Disambar shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni guda da kowa zai gwada nasa da shi.

Me ya hana a gwada a kan mutane kai tsaye, tunda su za a yi wa?

Akwai abu biyu da ba za a yi wa mutum ba. Na ɗaya, a ɗura masa cuta mai kisa da gangan don a ga ko allurar ta tare ta. Na biyu, a buɗe huhunsa bayan kwana huɗu a duba. Dabba ana yi mata duka biyun, kuma a ajiye 'yan'uwanta da aka yi wa allurar ruwan gishiri don a kwatanta. A Ingila dai an taɓa sa wa matasa 36 masu ƙoshin lafiya korona a hanci da yardarsu a 2021, kusan rabinsu suka kamu, amma sai da aka shekara ana nazarin cutar kafin a yarda da hakan.

Waɗanne dabbobi ake amfani da su? Ɓera bai isa ba?

Ɓera shi ne mai arha, mai saurin haihuwa, kuma an san garkuwar jikinsa ciki da bai. Amma korona ta farko da ta ɓulla a Wuhan ba ta kama ɓera, domin ƙofar ACE2 ɗinsa ta ɗan bambanta da tamu. Za ka iya yi masa allura ka auna antibodi, amma ba za ka iya jarraba shi da cutar ba.

Abin da ya fitar da jaki daga duma tsohon aiki ne. Bayan annobar SARS, wata korona ta 2002 zuwa 2003, wadda ta kama mutum kusan 8,000 ta kashe kusan 800, Stanley Perlman da Paul McCray na Jami'ar Iowa a Amurka sun samar da ɓeraye masu ɗauke da ACE2 irin ta ɗan'adam, suka wallafa aikin a 2007. Da SARS ta ɓace, kowa ya watse, ciyar da ɓerayen ya zama asara. Sai aka daskarar da maniyyinsu a cibiyar Jackson da ke jihar Maine. A farkon 2020 aka narkar da shi aka sake hayayyafa su, masu bincike daga ko'ina suna layi. Aibinsu ɗaya: cutar takan haye musu ƙwaƙwalwa ta kashe su cikin mako guda ko ɗoriya, abin da ba haka yake a yawancin mutane ba. A Jami'ar North Carolina kuwa, ɗakin gwajin Ralph Baric ya bi ta ɗaya gefen: maimakon a sauya ɓera, sai aka yi ta wuce da ƙwayar cutar daga huhun ɓera zuwa na wani har sau 10, sai da ta saba da shi.

Sai hamsta, wata 'yar dabba mai ruwan zinare da ke cusa abinci a kumatu kamar gafiya. Ita kam korona tana kama ta ba tare da an sauya komai ba. Kowace safiya ma'aikaci cikin rigar kariya zai ɗaga ta ya ɗora a ɗan sikeli ya rubuta. Wadda ba ta da rigakafi za a ga nauyinta yana zubewa kullum, zuwa kwana shida ko bakwai ta rasa wajen kashi 10 cikin 100, gashinta ya hargitse, ta takure a lungun keji, sannan ta fara farfaɗowa wajen mako na biyu. Wadda allura ta kama kuwa tana can tana ta cin abincinta. A ganina babu dabbar da ta yi wa wannan bincike hidima irin hamsta, ga shi ba a cika ambatonta ba.

Feret, ɗan'uwan bodari, a hanci cutar ke tsaya masa, don haka da shi ake nazarin yaɗuwa daga keji zuwa keji. Birin makak shi ne mafi kusa da mu a garkuwar jiki, amma cutar ba ta cika kwantar da shi ba, ga tsada. Kafin annobar ƙasar Sin ce ke sayar wa duniya mafi yawan biran gwaji, amma ta rufe fitar da su a farkon 2020, sai biri ya yi wuyar samu.

Idan antibodi ya hau a jinin ɓera, ba shi ke nan an dace ba?

Ina! Masu wannan sana'a suna da wata magana: ɓera maƙaryaci ne, biri kuma mai ƙarin gishiri. Kamfanin Merck, wanda ya yi suna a harkar rigakafi, ya kai alluran korona biyu har gwajin mutane bayan sun nuna alheri a dabbobi, amma a Janairun 2021 ya watsar da su domin antibodin da mutane suka yi bai kai na wanda ya warke daga cutar ba. Na CureVac a Jamus ya kare birai, a mutane kuwa kariyarsa ta tsaya a kashi 48. Na Jami'ar Queensland a Ostireliya ya ba da antibodi mai kyau, sai dai an yi amfani da wani ɗan guntun furotin na HIV wajen ɗaure ƙayar, sai waɗanda aka yi wa suka riƙa nuna alamar HIV a gwaji alhali ba su da ita. A Disambar 2020 aka rufe shi.

Dalilan suna da yawa, amma wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne tsafta. Ɓeran gwaji ɗan gata ne. An haife shi a keji mai tacacciyar iska, abincinsa da ruwansa an kashe musu ƙwayoyin cuta, bai taɓa mura ba, bai san tsutsar ciki ba, kuma yawanci matashi ne ɗan wata biyu. Shi da 'yan kejinsu kusan tagwaye ne a halitta. A 2016 masu bincike a Jami'ar Minnesota suka sayo ɓerayen kasuwa suka haɗa su keji ɗaya da 'yan gatan. Abin da suka gano shi ne garkuwar ɗan gata ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa, sai da ya cuɗanya da na kasuwa ya kwashi cututtukansu sannan ta koma irin ta baligi. To ku kwatanta wannan ɓera da dattijo ɗan shekara 70 mai ciwon suga, wanda ya sha zazzaɓin cizon sauro tun yana goye.

Ga kuma yawan maganin: abin da ake ɗura wa ɓera, in aka auna da nauyinsa, ya ninka na mutum nesa ba kusa ba. Sannan akan jarraba dabba da cutar makonni kaɗan bayan allura, lokacin da antibodi ke ganiyarsa. Mutum kuwa sai bayan wata takwas ya gamu da ita a motar haya.

To da me aka tabbatar cewa antibodin ne ke kariya, ba wani abu daban ba?

A nan birai suka yi rana. A ɗakin gwajin Dan Barouch da ke Boston, an tace IgG zalla daga jinin biran da suka warke, aka ɗura wa biran da ba su taɓa ganin korona ba, wasu da yawa, wasu kaɗan. Da aka sa musu cutar, waɗanda suka samu da yawa ba ta kama su ba, na tsakiya ta ɗan taɓa su, na ƙasa kuwa ta shige su. Sai aka juya gwajin: aka samo biran da suka warke amma antibodinsu ya fara ja da baya, aka cire musu wasu sojojin jini da ake kira ƙwayoyin T masu alamar CD8. Kariyarsu ta ragu. An wallafa wannan a Disambar 2020. Ma'ana, antibodi shi ne mai gadin ƙofa, amma idan ya yi rauni akwai 'yan cikin gida masu farautar ƙwayoyin da cutar ta riga ta shiga.

A 2021 masu bincike a Sidni suka tattara alƙaluman mutane, suka lissafa cewa kashi 20 cikin 100 na antibodin wanda ya warke ya isa ya rage haɗarin kamuwa da rabi, amma rage haɗarin ciwo mai tsanani da rabi kashi 3 kacal yake buƙata. Shi ya sa bayan watanni mutum yake iya kamuwa amma bai kai ga gadon asibiti ba.

An yi mini allura amma na kamu. Dabbobin ba su nuna haka zai faru ba?

Sun nuna, mutane ne ba su saurara ba. A Mayun 2020 aka fitar da sakamakon birai shida da aka yi wa allurar Oxford, wadda daga baya ta zama ta AstraZeneca, a wani ɗakin gwajin gwamnatin Amurka a jihar Montana. Huhunsu ya tsira, babu nimoniya. Amma da aka goga musu auduga a hanci, ƙwayar cutar tana nan kamar ta biran da ba a yi wa komai ba. Allurar dantse tana cika jini da IgG, shi kuma yana isa huhu sosai, amma ba ta cika samar da IgA a hanci ba. Irin wannan allurar ce ta fara isowa Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4, ta shirin COVAX na raba rigakafi ga ƙasashen duniya.

An ce duk dabbobin da aka yi wa rigakafin korona sun mutu. Gaskiya ne?

Ruwa ba ya tsami banza, amma labarin ya sha ƙari a hanya. Ga asalinsa. A 1966 an gwada wa jarirai a Amurka rigakafin wata cutar numfashi mai suna RSV. Da cutar ta zo, waɗanda aka yi wa suka fi shan wuya, biyu suka rasu. A wajen 1990 an ga kyanwoyin da aka yi wa rigakafin wata korona ta kyanwa sun riga 'yan'uwansu mutuwa. A 2004 a Kanada, feret da aka yi wa wani rigakafin SARS sun samu kumburin hanta bayan an sa musu cutar. A 2012 a Galveston ta jihar Texas, ɓeraye sun kori ƙwayar SARS amma huhunsu ya cika da wasu ƙwayoyin jini irin na masu asma. Duk wannan gaskiya ne, a rubuce yake, kuma masu binciken da kansu suka fallasa shi.

Saboda wannan tarihin ne a 2020 aka sa ido a kan huhun kowace dabba, ana neman alamar ko allura ta tsananta ciwo. A alluran da aka amince da su ba a gani ba, kuma bayan biliyoyin allurai a mutane ma bai bayyana ba. Batun mutuwa kuwa, dabbar gwaji kusan kullum kashe ta ake yi a ƙarshe don a yanka huhu da hanta a duba a madubin likita. Wanda ya karanta cewa an kashe ɓeraye kwana biyu bayan sa musu cuta, ya je ya ce allura ce ta kashe su, ko dai bai fahimta ba ko kuma da wata a ƙasa.

Amma ai an tsallake gwajin dabbobi saboda gaggawa, ko?

Ba a tsallake ba, an dai haɗa gudu da susar ƙeya. A al'ada sai an gama da dabbobi kafin a taɓa mutum. A 2020 an gwama su. An saki bayanan halittar ƙwayar a ranar 11 ga Janairu, ranar 16 ga Maris aka yi wa mutum na farko allurar Moderna a Seattle. A lokacin an ga antibodi a ɓeraye, amma sakamakon birai sai ƙarshen Yuli ya fito, daidai lokacin da ake fara babban gwaji na mutum 30,000.

Abin da ya ba su ƙwarin gwiwa shi ne ba daga sifili suka fara ba. Ƙayar korona tana da halin sauya siffa, in ta sauya kuma antibodin da aka yi mata ba ya da amfani sosai. Barney Graham da Jason McLellan da abokan aikinsu sun gano yadda za a ƙafe ta da sauyi biyu kacal, suka gwada a ɓeraye da ƙayar wata korona mai suna MERS, suka wallafa a 2017. Dabarar mRNA kuma, wato allurar da ke ba jiki saƙon ya ƙera ƙayar da kansa, irin ta Moderna, tun 2005 Katalin Karikó da Drew Weissman suka warware babbar matsalarta.

Ban ga laifin mutumin Kano da ya yi tambayar nan ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi ta shari'a kan batun neman yardar iyaye har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba rigakafi ba, amma tabon bai san wannan bambancin ba.

Inda ni ma nake ganin masu suka suna da hujja shi ne Agustan 2022, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da sabon zubin allura na Omicron BA.5, wani sabon nau'in korona, kafin a samu sakamakon mutane. Bayanan da Pfizer ya gabatar a bainar jama'a na ɓeraye takwas ne. Hujjar hukumar ita ce haka ake sabunta rigakafin mura duk shekara, kuma an gwada wani zubin mai kama da shi a mutane. Ta fuskar lafiya hujjar ta tsaya, amma ɓera takwas ba za su gaya maka yawan kariyar da za a samu ba.

Akwai illar da dabbobi suka kasa hangowa?

Akwai. Daskarewar jini mai haɗe da ƙarancin ƙwayoyin tsayar da jini da aka gani a wasu ƙalilan bayan AstraZeneca, da kumburin tsokar zuciya a wasu samari bayan alluran mRNA. Abin da ke faruwa ga mutum ɗaya cikin dubun dubata ba zai fito a birai goma sha biyu ba, ko a mutum 30,000 ma da wuya. Sai an yi wa miliyoyi ana bibiya. Game da haihuwa kuwa, an yi wa ɓeraye mata allurar kafin barbara da lokacin ciki, aka ƙirga 'ya'yan aka duba su, ba a ga bambanci ba.

Ina ruwan raƙumi da wannan zance?

Ruwansa har wuya. MERS, korona da ta ɓulla a Saudiyya a 2012, wadda ke kashe wajen mutum ɗaya cikin uku da aka tabbatar sun kamu, daga raƙumi take tsallakowa. A 2015 an ɗebi jinin raƙuman da ake kawowa mayankar Kano, aka tarar fiye da kashi 90 cikin 100 suna da antibodin MERS. Sai aka koma kan mahautan da ke aikin raƙuman, hannu dumu-dumu cikin jini da majina kullum. Ba a samu antibodi a jininsu ba. Da a nan aka tsaya, da an ce cutar ba ta taɓa su. Amma da masu bincike na Hong Kong da takwarorinsu na Najeriya suka duba ƙwayoyin T, sai ga 18 cikin 61 jikinsu ya san MERS. Wato ta shige su ta fita ba su sani ba, kuma ba ta bar sawu a inda aka saba dubawa ba. An kuma gano cewa nau'in MERS na raƙuman Afirka bai kai na Larabawa ƙarfin hayayyafa a huhun mutum ba.

Rigakafin MERS da su Sarah Gilbert suka haɗa a Oxford, wanda aka gwada a raƙuma a Saudiyya, shi ne ginshiƙin da aka ɗora na korona a kai.

Raƙumi yana da wata baiwar kuma. A wata jami'a a Brussels aka gano, aka wallafa a 1993, cewa jininsa na ɗauke da wani antibodi marar cikar gwafa, wanda za a iya gutsuro kansa, ɗan mitsitsi kamar kashi ɗaya cikin goma na namu, ya shiga lungun da namu ba ya shiga. A 2016 a Beljiyam aka yi wa wata lama, 'yar'uwar raƙumi marar tozo, mai suna Winter allurar ƙayoyin SARS da MERS. Da 2020 ta zo, aka tarar ɗaya daga cikin antibodinta yana kama sabuwar korona ma.

Ana iya ɗibar antibodin dabba a yi wa mutum magani da shi?

Mutanen Kaltungo sun riga kowa sanin amsar. Maganin saran kububuwa na EchiTAb-Plus da aka gwada a asibitin garin, daga jinin dawakai ake tace shi a cibiyar Clodomiro Picado ta ƙasar Kosta Rika. Ita wannan cibiya ta yi wa dawakai allurar furotin ɗin korona a 2020, Ajantina ma ta amince da irin wannan ruwan jinin doki a Disambar shekarar, sai dai fa'idarsa ba ta fito fili sosai ba. Maganin kamfanin Regeneron da aka ɗura wa Donald Trump a Oktoban 2020 antibodi biyu ne, ɗaya daga mutumin da ya warke, ɗaya daga ɓeran da aka sanya wa garkuwa irin ta mutum. Omicron na zuwa ta sauya ƙaya, maganin ya tashi aiki.

Kajina da awakina fa, su ma a yi musu?

A'a. Gwajin da aka yi a Harbin ta ƙasar Sin a 2020 ya nuna korona ta mutane tana kama kyanwa da feret, kare kaɗan-kaɗan, amma ba ta kama kaji da agwagi da aladu. Kaji suna da tasu koronar daban, mai sa su tari da rage ƙwai, wadda aka fara bayyanawa a Amurka a 1931, tun kafin a san ta mutane. Mai gidan gona da ke ba da rigakafin wannan cuta, wato IB, tare da Lasota ya daɗe yana rigakafin korona bai sani ba. Tsarin rigakafin dabbobinku ku bar shi a hannun likitan dabbobi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924 zamanin yaƙi da ciwon bushiya, har yau tana haɗa na kaji da shanu da awaki.

Dabbar da ta ga ta kanta ita ce mink, wadda ake kiwo don gashinta. A Nuwamban 2020 Denmak ta ba da umarnin kashe kusan miliyan 17, bayan cutar ta shige su daga ma'aikata, ta sauya, ta dawo kan mutane.

Wannan ba zaluntar dabbobi ba ne?

Tambaya ce mai nauyi, musamman ga wanda ya tashi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure. Dabbobin suna shan wuya, babu amfanin ɓoyewa. Ƙa'idar da ake bi tun 1959 ita ce a maye gurbin dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawansu, a kuma sassauta musu azaba. A aikace, kwamiti ne ke duba kowane gwaji kafin a fara, ana sa musu maganin barci kafin a ɗura cuta, kuma akwai iyakar ramar da in dabba ta kai dole a hutar da ita. A Disambar 2022 Amurka ta cire wajabcin gwajin dabba daga dokar sababbin magunguna. Amma ƙwayoyin huhu da aka raina a faranti ba su da ɓargo, ba su da saifa, ba su da kaluluwa, alhali a nan ake ƙera antibodi.

Yanzu me ake gwadawa?

Abu biyu. Na farko rigakafin hanci, don a samu IgA a bakin ƙofa. A hamsta yana aiki ƙwarai, har ya rage yaɗuwa zuwa kejin maƙwabta. Indiya ta amince da nata a Satumban 2022, Sin ma a watan ta amince da wani da ake shaƙa ta baki. Amma da Oxford ta fesa nata a hancin mutane, sakamakon da ya fito a Oktoban shekarar ya nuna ƙalilan ne suka yi antibodi a majina. Hancin hamsta ɗan tsurut ne, ɗigo kaɗan ya jiƙa shi har ya gangara huhu. Na mutum kuwa yawancin feshin maƙogwaro yake bi a haɗiye.

Na biyu rigakafin da zai tare dangin korona da yawa a lokaci guda, har da waɗanda ke jikin jemagu ba su tsallako ba tukuna. A jami'ar Caltech ta Amurka, ɗakin gwajin Pamela Bjorkman ya jera guntayen ƙayoyin korona takwas a kan ɗan ƙwallo guda, don jiki ya koyi kama abin da suka yi tarayya a kai. A 2022 suka nuna ya kare ɓeraye da birai daga SARS ta farko, wadda ba ta cikin takwas ɗin.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Garkuwar jiki tana da riƙon abin da ta fara gani: in aka kawo mata sabuwar ƙaya mai kama da tsohuwa, takan koma ta zaburar da tsofaffin antibodinta. Yau da wuya ka samu baligin da bai taɓa kamuwa da korona ko karɓar allura ba, ɓeran keji kuwa fari fat yake zuwa. Don haka masu binciken sun fara yi wa ɓerayen tsofaffin alluran 2021 tukuna, su jira watanni, sannan su kawo sabon su ga ko jikin zai koyi sabon karatu ko tsohuwar hadda zai maimaita.